Sirdin da Aka Auna da Taɓarya

Ranar da labarin ya iso ni, ƙarar babur ɗinsa na fara ji.

Ina tsakar gida ina dakan gero da hantsi. Ƙarar babur ɗin mijina Fulbert ba ta ɓuya. Salansarsa ta taɓa fashewa, ya liƙe wurin da gwangwanin tumatir da waya, tun daga nan yake wani irin kuka kamar tsoho mai tari yana dariya. Duk unguwar Yalwa ta san wannan ƙara. Da na ji ta taho daga wajen kasuwa, sai na jingine taɓarya, na ɗora ruwan wanka a wuta, na ce wa 'yarmu Denise ta goge hancinta, babanta ya dawo.

Na fita ƙofar gida ina gyara ɗankwali. Babur ɗin ne, amma ba shi ne a kai ba. Isa ne, ɗan Iyatu mai gidan da muke haya, wanda yake sayen shanu a ƙauyuka. Ya kashe inji. Bai sauka ba, bai kuma dube ni ba.

Na ce, "Isa, ina mai babur ɗin?"

Ya ce, "Maman Denise, mu shiga ciki mu zauna."

"Faɗa mini a nan."

Ya faɗa mini a nan. Mijina ma'aikacin ofishin dabbobi ne, aikinsa yi wa shanu allura. Ya je wata rugar Fulani can bayan Cebowa, wajen kogin Faro. Ya sunkuya zai ɗauki akwatin allurarsa a cikin ciyawa, kububuwa ta sare shi a hannu. Bai wuce washegari ba. Babu hanyar mota, ga zafi, sai Fulanin suka binne shi a can. Suka turo babur ɗin da hannu har kasuwar Cebowa suna neman mutumin Garuwa, Allah ya haɗa su da Isa.

Na koma ciki na sauke ruwan daga wuta. Abin da na iya yi ke nan. Kuka bai zo ba.

Ni da Fulbert duka 'yan dutse ne, amma ba dutse ɗaya ba. Yarensa daban, nawa daban. Da Hausar kasuwa muka yi zance, da ita muka yi aure, da ita muke faɗa. A zamanin Shugaba Ahidjo ne, lokacin babura ba su yi yawa a Garuwa ba. Nasa ya saya a hannun wani monper, wato limamin cocin mishan, da zai koma ƙasarsu. Ƙaramin babur ne na Japan, mara nauyi, mai dogayen ƙafafu, irin wanda yake bin kwalta yake kuma bin daji.

Bai taɓa taɓa cikin injin ba. Yakan ce wanda ya ƙera shi ya fi shi sani. Amma jikin babur ɗin bai bar shi ya huta ba. Duk tafiyar da ya yi, sai ya dawo da abin da daji ya koya masa. Dutse ya taɓa huda masa ƙasan inji, sai ya sa aka yanko ƙarfen ganga aka ɗaure a wurin kamar faranti. Ƙaya ta yayyage masa yatsu, sai ya yanka tsohuwar jarka gida biyu, ya ɗaura kowane ɓari a gaban hannu. Ya sa raga a fitila saboda tsakuwa. Ya sauya tayoyi zuwa masu manyan haƙora. Aka yi masa waldar kariya mai faɗi a baya don akwatin allura. Iyatu, wadda muke kira Dada, takan ce, "Wannan babur ya fi amarya kaya." Shi kuwa sai ya ce, "Dada, amarya a ɗaki take kwana, wannan a daji."

Ya daɗe yana damuna in koyi tuƙi. Man gyaɗa nake yi, nakan ɗauka a ka in kai kasuwar Pitowa da ƙafa, gwiwata ta hagu kuma ta fara ba ni wahala. Sau ɗaya na yarda na hau. Ƙafafuna suka yi ta lilo a sama kamar yaro a kan raƙumi, Iyatu ta yi dariya har ta zubar da furarta. Na sauka na rantse ba zan ƙara ba.

Kafin tafiyarsa ta ƙarshe ya yi wani abu da ya ba ni haushi. Na gaji da daka, na tsaya ina hutawa, taɓarya a tsaye a gefena. Ya zo ya durƙusa, ya dubi ƙafata, ya dubi taɓaryar, ya fitar da wuƙa ya yi mata tsaga a jiki.

Na ce, "Me taɓaryata ta yi maka?"

Ya ce, "Tsawon faɗanki nake aunawa."

Washegari na nemi taɓaryar na rasa, sai aro na yi. Da yamma ta dawo tana warin fatar jima. Na yi ta mita, shi yana cin tuwonsa yana murmushi.

Ana cikin zaman makoki wansa Hubert ya sauko daga dutse. Mutum ne mai ƙarancin magana. Da mutane suka ragu, ya kira ni gaban Iyatu da Isa.

Ya ce, "Mu ma muna zuwa coci, amma akwai abin da monper bai taɓa hana mu ba. Idan namu ya mutu a ƙasar wasu, ba ma barinsa can. Gawa ba ta ɗaukuwa, sai a ɗauko dutse daga kan kabarinsa, a kai gidan ubansa, a ajiye tare da na kakanni. In babu dutsen, ba a kiran sunansa ranar da ake kiran matattu. 'Yarsa kuma ba ta da inda za ta je ta gaishe shi."

Na ce, "To Yaya, sai ka je ka ɗauko."

"Ba hannuna ba. Hannun da yake ba shi abinci shi ke ɗaukowa."

Isa ya gyara zama. Ya ce shi bai ga kabarin ba, hanyar rugar kawai ya sani. Ya ce Fulanin sun gaya masa ruwa ya fara sauka, suna cin kasuwar Cebowa mai zuwa za su tashi. In suka tafi, ciyawa ta rufe wurin, babu wanda zai iya nuna mana inda yake kwance. Ya ce babbar mota tana zuwa Cebowa, daga can sai hanyar shanu, shi zai goya ni a babur ɗin marigayi.

Hubert ya girgiza kai. "Matar mamaci ba ta zama bayan namiji, namiji ba ya taɓa ta, sai dutsen ya shiga gida."

"To da me za ta je?"

"Da ƙafa. Ko a nemi jaki."

Iyatu ta fitar da goron da ke bakinta. Ta ce, "Da wannan gwiwar? Jaki kuwa kafin ya isa, shanun sun haihu a wata ƙasa. Kai baƙo, tsaya in tambaye ka. Kun hana ta zama bayan namiji. Kun hana ta zama a gaba, ita kaɗai, ta riƙe ƙahon abin da hannunta?"

Hubert ya ce, "Kakanninmu ba su san babur ba."

"To shi ke nan. Abin da ba su sani ba, ba su hana ba."

Na ce, "Dada, kin manta ƙafafuna ba sa kaiwa ƙasa? Ke ce fa kika yi dariya."

Ta ce, "Na yi, kuma zan ƙara. Tashi mu je wurin Raphaël."

Raphaël bakanike ne, garejinsa ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya a bayan kasuwa. Shi ya yi wa Fulbert duk waldar da ke jikin babur ɗin. Ya yi mini gaisuwa daga nesa, hannayensa a baya, don labarin dokar ya riga mu isa. Ya ce abu na farko sirdi ne, dole a rage masa tsayi, wannan kuma aikin Mahmudu baduku ne. Sai an auna ƙafata tukuna.

Muka je rumfar Mahmudu. Iyatu ta kwance igiyar da ta zo da ita, ta ce masa ya juya baya za ta auna ni.

Ya ce, "Dada, mayar da igiyarki. An riga an auna."

Ya shiga ciki ya fito da wani sirdi. An rufe shi da jar fatar akuya, an fafe soson tsakiyarsa ya yi ƙasa, an matse gabansa ya yi siriri. Ya nuna mini wata tsaga a jikin ginshiƙin rumfarsa.

Ya ce, "Ranar nan ya shigo mini da taɓarya a kafaɗa, na ɗauka faɗa ya zo yi. Ya tsayar da ita a nan, ya ce, 'Mahmudu, daga ƙasa zuwa wannan tsagar, kada sirdi ya wuce. Mai shi gajeruwa ce, kuma in ta faɗi sau ɗaya ba za ta sake hawa ba.' Ya ce ofis za su ba shi wani babur bayan damina, wannan naki ne, na zuwa Pitowa. Ya ce in ya dawo zai karɓa."

A nan kukan ya zo. Na zauna a ƙasa cikin tarkacen fata na rungume sirdin, warin jimar nan da na yi ta mita a kansa ya cika mini hanci. Iyatu ba ta ce in yi shiru ba. Mahmudu ya koma kan ɗinkinsa kamar ba ya gani, na kuma gode masa da hakan har yau.

Raphaël ya ajiye duk aikin da ke gabansa. Ya ɗora sabon sirdin. Ya sassauta ƙafafun gaba ya ɗan zame su sama, ya mayar da sifirin na baya kan matakinsu na ƙasa, babur ɗin ya durƙusa kaɗan. Da ya gajarce, ƙafar da ake jingine shi da ita ta yi tsawo, sai ya yanke ta, ya yi mata waldar wani faffaɗan ƙarfe a ƙasa don kada ta nutse cikin yashi. Ya gasa hannun kuloci a wuta ya lanƙwaso shi kusa, saboda yatsuna gajeru ne. Ya cire farantin haƙoran da sarƙa take bi a baya, ya sa wanda ya fi shi girma.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Zai rage masa gudu, ya ƙara masa haƙuri. Za ki iya tafiya a hankali kamar mai bin gawa bai mutu ba." Sai ya kama bakinsa. "Madam, yi haƙuri."

Na ce, "Ai gawar nake bi. Ci gaba."

Mahmudu ya zo da kansa ya saƙa igiyar fata a gefen tayar baya, kamar ragar kifi, don kada zanina ya shiga. Da na hau, tafin ƙafafuna biyu suka zauna a ƙasa daidai. Ko yatsa ɗaya mutumin nan bai kuskure ba.

Daga ƙarshe Raphaël ya ɗauko wani abu a nannaɗe cikin buhun siminti. Sabuwar salansa ce, tana ƙyalli, an kawo masa daga Yola. Ya ce, "Wannan tawa gudunmawar ce. Mu cire gwangwanin nan, ya isa haka. Mace ba ta shiga gari da wannan kuka."

Na ce, "Bar shi."

"Madam, ai kunya ce gare ni. Kowa ya ji sai ya ce Raphaël ne bakanikensa."

"Ka canza duk abin da kake so. Muryarsa ce, ka bar mini ita."

Ya dubi Iyatu ko za ta taimake shi. Ta ce, "Me kake kallona? Ni ma da ita nake sanin lokacin rufe ƙofa." Ya nannaɗe salansarsa ya mayar.

A filin ƙwallon mishan na koya. Tunda namiji ba zai riƙe ni ba, matan gidanmu ne suke riƙe kariya suna gudu a bayana, zannuwansu a ɗaure. Raphaël yana tsaye can gefe, hannu a baya, yana ihu, "A hankali! Saki kuloci kamar kina sakin hannun yaro!" Iyatu ta shimfiɗa tabarma a inuwa, duk faɗuwar da na yi sai ta ce, "Madalla, ƙasa ta gaishe ki." Na sa wandon Fulbert a ƙarƙashin zani, na naɗe ƙafafunsa. Na faɗi har na daina jin kunya. Giya ta ɗaya da ta biyu kawai na iya, Raphaël ya ce sun ishe ni zuwa ko'ina. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ta da inji da ƙafa, don duk bugun da na yi sai gwiwar hagu ta ɗauki nauyina.

Ba mu samu mota ba sai washegarin kasuwar Cebowa. Aka ɗora babur ɗin da mobilet ɗin Isa, wato ɗan ƙaramin babur mai feda, a bayan babbar mota, na zauna cikin mata. Muka haye gadar Binuwai, ƙasa duk ta jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi. A Cebowa wani mai shayi ya ce Fulanin sun zo jiya, sun sayi gishiri da kanwa, sun yi sallama da kowa.

Isa ya ce, "Maman Denise, babu zama."

Yana gaba ina binsa. Da farko hanyar tana da kyau. Sai muka iso wani mayo, wato rafi, wanda jiya yashi ne, yau ruwa ya kai gwiwa. Isa ya shiga, mobilet ɗinsa ta sha ruwa ta mutu a tsakiya. Ni na sa giya ta ɗaya, na sauke ƙafafuna biyu, ina taka ƙasa ta nan ina taka ta can kamar mai tafiya, babur ɗin yana ja na a hankali har na fita. Isa ya jawo tasa zuwa gaɓa, ya cire buji, wato fulogi, yana hurawa, ya yi ta bugu, ta ƙi.

Ya ce, "Kada ki jira ni. Ki bi sawun shanu, ki bar tsaunin can a hagunki, har ki ga wata babbar kuka. Nan ne rugar. Kuma kada ki kashe inji in ba dole ba."

Ban taɓa zama ni kaɗai a daji irin wannan ba. A dutsenmu duk inda ka tsaya kana hangen gidan wani. Nan kuwa ciyawa ce da ƙaya da sama. Rassan ƙaya suna dukan ɓarin jarkar nan, ko ɗaya bai taɓa yatsana ba. A wani gangare na ji dutse ya daki farantin ƙasa, gau, har haƙorana suka haɗu, injin bai ko yi tari ba. Duk abin da ya daki babur ɗin sai in ce a raina, nan ma ya bi, wannan ma ya same shi kafin ni. A cikin wani taɓo tayar gaba ta zame, muka kwanta tare. Ban saki kuloci ba, injin bai mutu ba. Na janye ƙafata, na sa kafaɗa na ɗaga shi. Da babba ne da a nan zan kwana.

Rana ta wuce tsaka na ga kukar. Babu kowa. An kwashe bukkoki, sai zagayen inda suka tsaya. Toka da ɗuminta, kashin shanu ɗanye. Sawu ya bi ta ko'ina, ruwa ya cakuɗa shi, ban san wanne zan bi ba. Na zagaya wurin a kan babur ina duba ƙasa. Sabuwar ciyawa ta tsiro a kan komai. Duk tudun da na nufa sai in tarar suri ne.

Na dawo gindin kukar na tsaya. Na tuna Denise, na tuna za ta girma babu inda za ta durƙusa ta ce Baba ina kwana. Ban san abin da zan yi ba, sai na riƙe kuloci na murɗa totur har ƙarshe. Gwangwanin nan ya yi kuka, daji ya amsa. Na saki, na sake murɗawa. Ban yi don wani ya ji ba. Ihun da ba zan iya yi da bakina ba ne. Na yi ta yi har hannuna ya gaji, sannan na kifa kaina a kan tanki.

Da na ɗago, mutum biyu suna tsaye can bakin ciyawa, wani dattijo da sanda a kafaɗa, da wata tsohuwa. Ba su matso ba. Na kashe inji, na cire ɗankwali don su ga mace ce. Tsohuwar ta taho a hankali tana leƙen fuskata. Ta tambaye ni da Fulatanci ko ni ce matar dokta. Ɗan Fulatancin kasuwa da nake ji ya ishe mu. Sunanta Kaltuma.

Ta ce sun riga sun kai bakin babban mayo, shanun gaba sun sa ƙafa a ruwa, in sun haye kuwa sai baɗi. Ba mutane ne suka fara jin ƙarar ba, shanu ne. Sun san ta. Duk ranar da suka ji ta, allura ce ta zo. Sai suka ɗaga wutsiya suka watse cikin daji, har yanzu samari suna can suna tattaro su. Mutane kuwa tsoro ya kama su, suka ce ga babur ɗin wanda suka binne da hannunsu. Ita ce ta ce a je a gani, dokta bai cuci kowa ba yana raye, ba zai fara yanzu ba.

Na yi dariya, hawaye yana zuba. Ita ma ta yi. Ta kama hannuna.

Kabarin ba ya kusa da kukar ko kaɗan. Da shekara zan yi ina nema ban same shi ba. Yana can bayan wani kwari, ƙarƙashin tsamiya, an lulluɓe shi da ƙaya saboda kura. Ta ce ba su san yadda Kirista suke binne nasu ba, sai suka juya kansa wajen arewa, don kullum in ya sha nono ya ƙoshi yakan nuna can ya ce dutsensu yana wajen. Ta ce bai mutu shi kaɗai ba. Kansa yana kan cinyarta, tana ɗiga masa madara a baki.

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Sai na duba, ƙasar wurin duk laka ce, babu ko tsakuwa. Ta janye ƙaya daga wajen kai. Duwatsu uku ne a jere, baƙi ƙirin da hayaƙi. Duwatsun murhunta ne. Ta ce ba ta sami abin da za ta yi alama da shi ba, sai ta kwashe su daga ƙarƙashin tukunyarta, tun ranar a murhun surukarta take girki.

Na durƙusa na yi addu'ar da na iya. Na gaya masa na ga sirdin, kuma daidai ne. Sannan na ɗauki dutse ɗaya da hannuna, na bar masa biyu. Kaltuma ta taya ni muka ɗaure shi a kan kariya da robar tsohuwar taya, daidai inda akwatin allura yake zama. Dattijon ya tsaya nesa, da na gaya musu dokar, ya ce Allah ya ba ni munyal, wato haƙuri. Ban da abin ba su sai useko, wato na gode, na yi ta faɗa har ta rufe mini baki da tafinta. Da zan ta da inji gwiwata ta ƙi. Tsohuwar nan ta riƙe mini babur ɗin da ƙarfinta har ya kama, sannan ta toshe kunnuwa ta ce in tafi da sauri kafin in sake kore musu shanu.

Na sami Isa a bakin mayo, mobilet ɗinsa ta tashi. Ya dubi kariya, ya share ido da hannun riga, ya ce, "Mu tafi, hadari yana haɗuwa."

Da muka iso Garuwa, Hubert ya zagaya dutsen yana kallo. Ya ce, "Tsakuwa fa ake kawowa, wadda za ta shiga tafin hannu. Ke kin kwaso tsauni."

Iyatu ta ce, "Da ka faɗa mata. Yanzu sai ka ɗauka, ai ƙanenka ne."

Ya ɗauka. A kansa ya hau da shi har gidan ubansu, ina biye da shi da Denise. Duk cikin duwatsun kakanninsu babu mai girmansa, babu mai baƙinsa. An kira sunan Fulbert a wannan shekara, ana kuma kira har yanzu. Denise takan je, yanzu da nata 'ya'yan.

Kaltuma ban sake ganinta ba. Na tambaya a Cebowa, na tambayi masu shanun da suke fitowa daga Tignère da Meiganga, babu wanda ya san inda suka sauka. Iyatu ta rasu, Mahmudu ma. Raphaël ya tsufa, amma duk sanda muka haɗu sai ya ce salansar tana nan in na canza shawara. Babur ɗin ya kai ni Pitowa shekaru da yawa da jarkokin mai a kan kariya, da gwangwaninsa, har gwiwa ta ce ya isa.

Yanzu injin niƙa ya cika unguwa, jikokina suna cewa in daina wahalar da kaina. Duk da haka kowace safiya nakan zuba ɗan gero a turmi, ko da cikin tafi ne. In na gama, sai in tsayar da taɓaryar a gefena, in sa babban yatsa in lalubo tsagar. Ta yi santsi. Ta kuma ɗan wuce tsawon ƙafata yanzu, don tsufa ya fara mayar da ni ƙasa.